Ƙayar Aduwa a Hannun Inna Atika

Shafi na 19

Masu cewa na cika mugunta, wai don me na bari aka fitar da tsohuwa bayan ganuwa, ku yi mini afuwa. Ba ni na soka ƙayar ba, Maude wanzami ne. Ni ma da na zo wurin sai da na tsaya na share ido. To, ku gyara zama.

*

Kwana uku ke nan da fitar da Inna Atika daga gidan surukinta Yusha'u. An kafa mata 'yar bukkar kara a bayan ganuwar Ruma, can gefen da ake zubar da toka. An ware mata kasko ɗaya da ƙwarya ɗaya, an ce duk mai kai abinci ya ajiye a bakin ƙofa ya juyo.

A kwana ukun nan 'yar autarta Zuwairatu ba ta taɓa kan kowa ba. Ita ce makitsiyar unguwar, amma matan da suka saba cika mata tsakar gida duk sun ɗauke ƙafa. Ba wannan ne ya dame ta ba. Abin da ya tokare mata ƙirji shi ne abin da aka yi a zaure ranar Laraba. Maude wanzami ya kama hannun uwarta, ya nemi inda fatar ta yi baƙi tana ɓarewa, ya soka ƙayar aduwa a gaban liman Malam Abdurrahim da mijinta Yusha'u. Jini ya fito. Tsohuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Ba ta ji ba," in ji Maude. "Kuturta ce, Allah shi sawwaƙe."

Shi ke nan magana ta ƙare. A wancan zamani da Katsina ke bin tutar Sakkwato, a gari irin Ruma da ke bakin daji, in wanzami ya faɗa liman ya gyaɗa kai, wa zai tsaya jin ta bakin makitsiya?

Amma Zuwairatu ta san fata, ta san kai. Shekara goma tana tsefe kawunan mata, ta ga ƙwarƙwata, ta ga makero, ta ga amosani iri-iri. Abin da ke kan uwarta amosani ne, abin da ke wuyanta da bayan hannuwanta kuma bushewa ce mai tsanani. Zuciyarta ta ƙi yarda da wani abu bayan wannan. Ƙayar nan ce kawai ta rasa yadda za ta yi da ita.

Da hantsi ta daka ganyen magarya, ta ɗora ruwa ya yi ɗumi. Ta ɗauki tandun man shanu da curin man kaɗe da kindirmo a ƙoƙo, ta soke kibiyar tsifa a kallabi, ta goya jaririyarta Safiyyatu. A zaure ta tarar da Yusha'u yana gyaran ƙotar fartanya, ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Ina zuwa da wanga kaya?"

"Wurin Inna."

"Abinci anka ce a kai. Ba a ce a kai wanka ba."

"Kanta zan wanke, Malam."

Ya ajiye ƙotar. Idonsa ya faɗa, da gani shi ma bai samu barcin kirki ba.

"Zuwaira, ki ji tsoron Allah, ke da goyo. Kin san ba son raina ba ne. Maƙwabta sunka ce ba su ƙara ɗibar ruwa rijiya ɗaya da gidanmu. Mi kike so in yi?"

"Ban ce ka yi komi ba. Hanya nike so."

Ya daɗe yana kallon tulun ruwan ɗumin da ke kanta. Sannan ya janye ƙafarsa.

*

Bukkar ba ta da inuwa ko ta tsiro ɗaya, ga bazara ta kankama. Zuwairatu ta yi sallama. Kaskon tuwon jiya na nan a bakin ƙofa, an gutsuri gefe ɗaya kaɗan, sauran tururuwa sun yi masa taro.

"Tsaya daga nan, Auta," muryar tsohuwar ta fito daga ciki. "Ajiye ki koma."

Zuwairatu ta sunkuya ta shiga abinta.

"Ina kwana, Inna? Kin tashi lafiya? Ina gajiya, ina zafin ga?"

"Lafiya lau. Ke wai ba ki jin magana ne? Fitar mini da jika daga nan."

"Sai na wanke miki kai."

"Kan kuturwa?"

"Kan uwata."

Inna Atika ta kawar da fuska. Doguwa ce, siririya, Bafulatanar gida wadda ta tashi cikin shanu can wajen Babban Duhu. Bara waccan maharan arewa suka faɗa wa rugarsu, suka kore shanun, maigidanta da 'ya'yanta maza biyu ba su tashi ba. Ba ta da inda za ta sai gidan autarta. Tun ranar da ta shigo gidan Yusha'u kanta ke sunkuye.

Zuwairatu ta janyo ta bakin ƙofa inda haske yake, ta zare mata kallabi. Amosani ya zubo a kan zanen tsohuwar kamar dusa. Kitson wata biyu ya cukurkuɗe, fatar kan ta yi fari fat, wani wurin ta tsattsage saboda susa. Wuyan kuwa ya yi baƙi zagaye, yana ɓarewa.

Hawaye ya cika idon Zuwairatu, ta haɗiye. Kunya ta kama ta, kunya mai zafi. Ita mai gyara kawunan matan gari, wata biyu tana fama da jego ba ta duba na uwarta ba.

Ta fara shafa man shanu a tushen kitson don ya yi laushi.

"Wannan ba komi ba ne, Inna. Sau uku zan wanke shi da magarya, in bi shi da man shanu. Wuyan da hannun kuma man kaɗe safe da yamma. Ki sha nono, ki ci miyar zogale da gyaɗa, ki ci wake. Matar Lawal maƙeri nata ya fi wanga muni, kafin damina ta tsaya kanta ya yi sumul."

"Ita an soka mata ƙaya?"

Zuwairatu ta zaro kibiya ta fara tsifa.

Tana cikin kitso na huɗu Safiyyatu ta zabura a baya, ta banƙare. Hannun Zuwairatu ya goce. Tsinin kibiyar ya sauka a wuyan tsohuwar, daidai tsakiyar baƙin nan mai ɓarewa.

"Wash!"

Inna Atika ta dafe wuya, ta ja numfashi ta haƙora.

Kibiyar ta suɓuce daga hannun Zuwairatu.

"Inna?"

"Ci gaba da aikinki."

"Inna, mi kika ce yanzu?"

"Ban ce komi ba."

Zuwairatu ta zagayo gabanta ta durƙusa. Ta kama hannun da aka soka ranar Laraba, wurin ya ɗan kumbura ya yi ja. Ta sa babban yatsa ta danna. Tsohuwar ta fizge hannun da ƙarfin da ba a zata tana da shi ba.

"Ke! Za ki kashe ni ne?"

"Kin ji!"

"Auta…"

"Kin ji, Inna! Wallahi kin ji! Ran Laraba ma kin ji!"

Tsohuwar ta dubi ƙasa. Can ta ce, a hankali, kamar mai faɗin laifi:

"Na ji. Har cikin ƙwaƙwalwata na ji ta."

"To don mi kika yi shiru? Don girman Allah don mi?"

Inna Atika ta ɗago ta dube ta, duban wanda aka yi wa tambayar banza.

"Wa ke tsaye a zauren?"

"Liman ne, da Baba Maude, da…"

Zuwairatu ta sunkuyar da kai.

"Faɗi mana."

"Da maigidana."

"To? A gaban suruki zan buɗe baki in yi wayyo? Ni Atika? Na haifi bakwai, ungozoma ba ta taɓa jin muryata ba. Ke kanki ina tatsa naƙudarki ta kama ni, sai da na gama na rufe ƙwarya. Sai a kan ƙaya guda in wage baki, mijin ɗiyata na kallon haƙorana?"

"Ba su gaya miki abin da ake nema ba?"

"Maude ya ce miƙo hannu, na miƙa. Sai da ya yi magana na gane abin da sunka so ji. Lokacin kuma an gama."

Zuwairatu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Kwana uku tana zargin ƙaya, tana zargin idonta, ashe kunya ce ta fitar da uwarta bayan gari. Haushi ya taso mata, na uwar, na Maude, na kanta da ta laɓe a bayan zana ranar ba ta yi tunanin haka ba.

Ta jawo ƙoƙon kindirmo ta tura gabanta.

"Sha."

"Na ƙoshi."

"Da mi? Ga tuwon jiya can tururuwa na ci."

"Na saniyar wa ne?"

"Saniyar gidanmu mana, wace saniya gare mu in ba ita ba?"

"Ta gidanku. To ki shanye, ke ke shayarwa."

Yadda ta faɗi maganar ne ya sa wani abu ya faɗo wa Zuwairatu a rai. Kunun kanwar da uwarta ke dama mata tun haihuwa, kullum da maiƙo a sama. Furar da ke zuwa da kauri, alhali saniya ɗaya ce a gidan kuma bazara ta rage mata nono. Mata har tsiya suke mata, wai jego ya karɓe ta, ta yi kumatu.

"Inna, kason nonon da nike ɗibar miki kullum, ina yake tahiya?"

Tsohuwar ta shiga gyara bakin zanenta.

"Man shanun da nike sa miki a miya fa?"

"Miyar nike juye miki."

"Ke ki ci mi?"

"Gaya. Tuwo ai tuwo ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da na shigo gidan."

Shekara guda da wata biyar. Gayan tuwon dawa da ruwa. Matar da aka yaye da kindirmo, wadda man shanu ne man shafarta tun tana yarinya. Yaya fata ba za ta bushe ba? Yaya kai ba zai yi amosani ba?

"Ki gane, Auta," in ji tsohuwar. "Zaman gidan suruki kaɗai ya ishe ni nauyi. In kwana ƙarƙashin rufinsa, in kuma lashe man saniyarsa? Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Shi ya sa ma abin ya fi mini nauyi."

Yanzu kam kukan ya ƙwace wa Zuwairatu. Ta dubi hannuwanta masu sheƙi, ta dubi na uwarta. Duk ƙibar da ta yi, daga jikin tsohuwar nan aka yanko.

"Bar kuka, za ki tada yarinya. Nan ɗin ma ba laifi. In gaya miki gaskiya? Kwana ukun ga ne na fara miƙe wuyana. Ba wanda nike sunkuya mawa."

"Bayan ganuwa, Inna! Ana rufe ƙofa da magariba. Kuraye na zuwa jujin ga. Waɗanda sunka kashe Baffa ta wanga dajin suke fitowa. In ruwa ya sauka bukkar ga kwana nawa za ta yi?"

"Abin da Allah ya rubuta."

"Allah bai rubuta miki kuturta ba. Ke kika rubuta wa kanki."

Ta share fuska da gefen zane. Ta koma ta gama tsifar. Ta wanke kan da magarya har kumfa ya fita fes, ta shafe shi da man shanu, ta mulke wuya da hannuwa da man kaɗe. Sannan ta gyara goyo ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Kiran Baba Maude."

"Auta, kada ki tona mini asiri!"

Ba ta waiwayo ba.

*

Bayan la'asar suka iso su uku. Maude a gaba da zabirarsa, liman na dogara sanda, Yusha'u a baya. Sun tsaya nesa da bukkar, kamar taku goma.

Zuwairatu ta durƙusa gaban liman.

"Allah gafarta Malam, alfarma ɗaya nike roƙo. A sake gwajin, amma maigidana ya koma cikin gari. Kunyarsa take ji, shi ya hana ta nunawa."

Malam Abdurrahim ya shafa gemu.

"Na ji ki, ɗiyata, kuma ban ƙaryata ki ba. Amma mu uku munka shaida na farko, mu uku za mu warware. Gidansa za ta koma. In maƙwabta sunka tambaye shi, ya ce masu mi? An gaya mini?"

"Zan juya baya," in ji Yusha'u da sauri. "In ji da kunnena, ai ya wadatar."

Ya matso ya tsuguna daga nesa, kansa a ƙasa.

"Barka da yamma, Inna. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Inna, don Allah in kin ji zafi ki faɗa. Ni ɗanki ne. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi."

Inna Atika ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta amsa gaisuwar da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Zuwairatu ta ga yadda kafaɗunta suka ƙara faɗawa. Alherin nan nasa ya ƙara ɗaure tsohuwar ne kawai.

Yusha'u ya juya ya fuskanci ganuwa.

Maude ya zaro ƙaya daga zabira, doguwa, koriya. Ya naɗe hannunsa da tsumma ya kama na tsohuwar.

"Atika, ki saurare ni da kyau. Wancan karon ban yi miki bayani ba, na ɗauki laifin. Yanzu ga shi: in kin ji, ki yi ƙara. Ko ki janye hannu. Ko tsaki ma ya isa."

"Inna," in ji Zuwairatu, "tsaki kawai."

Ƙayar ta shiga.

Zuwairatu na kallon wuyan uwarta, ta ga jijiya ta tashi, ta ga yatsun ƙafarta sun tona ƙasa ƙarƙashin zane. Idon tsohuwar kuwa na kan bayan Yusha'u. Leɓenta a rufe ruf. Hannun bai motsa ba.

Jini ya taru ya gangaro.

Maude ya zare ƙayar ya girgiza kai.

"Allah gafarta, ka gani dai."

"Tana ji!" Zuwairatu ta ɗaga murya. "Ku dubi ƙafarta! Ɗazu kibiya ta soke ta, ta ce wash, da kunnena na ji!"

"Ɗiya na iya jin abin da take so ta ji," in ji liman, ba da faɗa ba. "Ki yi haƙuri. Mun yi sau biyu."

Ya juya sandarsa zai tafi.

Zuwairatu ta dubi uwarta. Tsohuwar ta ƙi haɗa ido da ita. Kan da aka wanke yana sheƙi da man shanu, ko ɗigon amosani babu a kafaɗarta, amma wa ya damu? Gobe ma nan za ta kwana, jibi ma, har ranar da za a zo a tarar da kasko cike.

Wani sanyi ya sauko wa Zuwairatu a zuciya.

"Baba Maude, tsaya."

Ya tsaya.

"Ni na wanke mata kai yau. Na taɓa jininta. Shekara guda da wata biyar ina cin miyar da ta fito daga kwanonta. In ita kuturwa ce, ni ma sai a gwada ni kafin in koma cikin mutane."

"Zuwaira!" Yusha'u ya juyo. "Mi kike yi haka?"

"Gaskiya ta faɗa," in ji Maude, yana duban liman. Liman ya gyaɗa kai da ƙyar.

Ta durƙusa kusa da uwarta har kafaɗunsu na gogar juna. Ta miƙa hannun dama. Ta sunkuya ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ke kika haife ni, Inna. Abin da kika iya, na iya."

"Auta, kada ki kuskura."

Maude ya ɗauko sabuwar ƙaya. Ya soka.

Zafin ya ratsa ta har ƙeya, kamar an ɗora mata garwashi. Kunnuwanta suka yi ɗumm. Ta kafe harshe a bayan haƙora, ta zuba wa uwarta ido, ba ta ƙifta ba.

Maude ya ƙara dannawa. Ya murza.

Shiru.

"Inna lillahi," in ji wanzamin. "Ita ma ba ta ji ba."

Liman ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa.

"Yusha'u, karɓi yarinyar daga bayanta. A nemo mai shayarwa."

Yusha'u ya taho kamar ana jansa, hawaye na bin gemunsa. Ya sa hannu ya kama majanyin. Safiyyatu ta farka ta tsala kuka, nono ya zubo wa Zuwairatu ya jiƙa gaban zaninta. Ba ta hana shi ba. Ba ta ɗauke ido daga kan uwarta ba.

Ƙullin farko ya kwance.

Mayafin Inna Atika ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Kanta a buɗe, fuskarta a buɗe, surukinta na tsaye taku ɗaya daga gabanta. Ta ɗaga ɗaya hannun, wanda ba a taɓa sokawa ba, ta miƙa.

"Maude," ta ce, da muryar da har masu tsaron ƙofar ganuwa suka waiwayo, "ɗauko wata ƙayar."